Tsibirin Pitcairn: Tarihin Rai, Dukiya da Aminci a Tsakiyar Teku

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Saboda haka ne duk lokacin da hayaniyar birni ta ishi mutum, ko labarin sata da fashi ya yawaita, yakan yi fatan da ma a ce yana can wani ɗan tsibiri a tsakiyar teku, inda kowa ya san kowa, babu baƙon da zai shigo da dare, babu kuma mai rufe ƙofa da kwaɗo. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu auna wannan fata a ma'aunin tarihi. Za mu ɗauki misali ɗaya, watau tsibirin Pitcairn da ke kudancin tekun Fasifik, mu bi sawun mutanensa tun daga shekarar 1790, mu ga yadda suka raba ƙasa, da yadda suka tsare rayukansu, da kuma inda suka kasa. Abin da muke so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, teku ta tsare mutanen nan daga abokan gaba na waje, amma amincinsu a cikin gida ya rataya ne a kan abu biyu: adalci wajen rabon dukiya, da dokar da ke iya kare mai rauni daga mai ƙarfi.

Tsibirin da Yanayinsa

Pitcairn wani dutse ne da ya taso daga ƙarƙashin teku sakamakon aman wuta. Faɗinsa duka bai kai murabba'in kilomita 5 ba, kuma wurin da ya fi tsayi a cikinsa ya kai mita 347. Tsakaninsa da Tahiti akwai fiye da kilomita 2,000, tsakaninsa da Niyuzilan kuwa fiye da 5,000. Ba shi da filin jirgin sama, ba shi da tashar da babban jirgin ruwa zai iya tsayawa, domin kusan ko'ina gaɓarsa duwatsu ne masu tsayi waɗanda igiyar ruwa ke duka dare da rana. Sai dai ƙasarsa tana da albarka ƙwarai. Doya da dankali da gwaza da ayaba da rake da kwakwa da lemo duk suna yi, sanyi kuma ba ya tsanani.

Mutanen Polinesiya sun taɓa zama a wurin, sun bar gatura na dutse da zane-zane a jikin duwatsu, amma sun watse tun kafin zuwan Turawa. A shekarar 1767 wani jirgin Ingila ƙarƙashin Kyaftin Philip Carteret ya hango tsibirin, aka raɗa masa sunan yaron jirgin da ya fara ganin sa, Robert Pitcairn. Carteret ya yi kuskure wajen sanya shi a taswira, ya kauce da kimanin mil 200. Wannan kuskure ne ya mayar da tsibirin maɓoya, domin duk wanda ya bi taswira ya je nemansa ruwa kawai zai tarar.

Tawayen Jirgin Bounty

A watan Disamba na 1787 jirgin Bounty ya bar Ingila ƙarƙashin William Bligh. Aikin da aka ba shi shi ne ya ɗebo dashen wata bishiya daga Tahiti, wadda 'ya'yanta ke da gari kamar doya, ana kuma kiran ta bishiyar burodi, ya kai tsibiran Karebiyan domin a sami abinci mai araha da za a ciyar da bayin da ke noman rake. Jirgin ya yi wata biyar a Tahiti. A kan hanyar komawa, ranar 28 ga Afrilu, 1789, mataimakin Bligh mai suna Fletcher Christian ya jagoranci tawaye. Aka sa Bligh da mutum 18 a cikin ƙaramin kwalekwale aka sake su a teku, suka yi ta fama har suka kai Timor bayan fiye da mako shida.

Hukuncin tawaye a rundunar ruwan Ingila rataya ce, kuma 'yan tawayen sun san haka. Sun fara gwada zama a tsibirin Tubuai, suka yi faɗa da mutanen wurin, suka koma Tahiti. Mutum 16 suka zaɓi su tsaya a can. Daga cikinsu jirgin Pandora ya kama 14 a 1791, huɗu suka nutse a hanya, aka rataye uku a Ingila a 1792. Christian kuwa da sauran takwas suka tashi da jirgin cikin dare, ɗauke da mutanen Polinesiya, waɗanda da yawansu, musamman mata, ba da son ransu aka tafi da su ba. Ranar 15 ga Janairu, 1790, suka iso Pitcairn: Turawa 9, mazan Polinesiya 6, mata 12, da jaririya ɗaya. Ranar 23 ga watan suka ƙone jirgin don kada a hango shi daga nesa. Da wannan wuta suka rufe wa masu neman su hanya, suka kuma rufe wa kansu hanyar fita.

Rabon Ƙasa da Zubar da Jini

A nan ne aka yi kuskuren da ya ci rayuka. Turawan tara suka raba ƙasar noma kashi tara a tsakaninsu, ba su ba mazan Polinesiya ko taki ɗaya ba. Mutanen da suka fi su sanin yadda ake shuka gwaza da kamun kifi da ginin ɗaki a irin wannan wuri sai suka koma barori, sannu a hankali kuma aka riƙa yi musu kallon bayi. Haka aka yi da mata. Kowane Bature ya ɗauki ɗaya, aka bar mata uku ga maza shida, ba tare da an tambayi ra'ayin ko ɗaya daga cikinsu ba. Watau ƙasa da mace duka an sa su a layin kayan rabo, ƙarfin bindiga ne kuma ya yi rabon.

Ba a daɗe ba matar wani Bature mai suna John Williams ta mutu, sai ya ƙwace matar ɗaya daga cikin mazan Polinesiya. Suka ƙulla ɗaukar fansa, asirin ya tonu, aka kashe biyu daga cikinsu. Sauran huɗun suka haɗiye fushinsu har zuwa watan Satumba na 1793, lokacin da suka sami bindigogi suka bi Turawan gona-gona. A yini ɗaya suka kashe biyar, har da Fletcher Christian. Cikin 'yan makonni su ma huɗun aka gama da su, wasu a hannun junansu, wasu a hannun Turawan da suka tsira tare da taimakon matan da aka kashe wa mazaje.

Da aka rage Turawa huɗu, ba a sami kwanciyar hankali ba. Matan sun gaji da duka da wulaƙanci har suka haɗa wani kwalekwale a 1794 da nufin su gudu, ya kife tun bai yi nisa ba. A 1798 William McCoy ya gano yadda ake dafa barasa daga saiwar wani tsiro mai zaƙi. Shan ta ya taɓa masa hankali, ya ɗaura dutse a jikinsa ya faɗa teku. Matthew Quintal, wanda ya addabi kowa da barazanar kisa, abokansa biyu suka sare shi da gatari a 1799. Edward Young ya mutu da ciwon fuka a 1800. Idan muka ƙidaya za mu ga cewa daga cikin maza 15 da suka sauka a 1790, an kashe 12, ɗaya ya kashe kansa, ɗaya ya mutu a kan shimfiɗa, ɗaya tak ya rage, cikin shekara goma. Babu baƙo ko ɗaya da ya taka tsibirin a duk wannan lokaci. Wannan shi ne gudun gara a faɗa wa zago.

Ya kamata mu lura cewa yawancin abin da aka rubuta game da waɗannan shekaru ya fito ne daga bakin wanda ya rage, kuma yakan sauya labarin gwargwadon wanda ke tambayar sa. Muryar matan ta iso gare mu ne ta bakin Teehuteatuaonoa, wadda Turawa ke kira Jenny. Ta bar tsibirin a 1817, ta ba da nata labarin, aka buga a wata jaridar Sidni a 1819. Daga gare ta ne aka ji dalla-dalla yadda aka yaudari matan aka tashi da jirgi suna ciki.

Zamanin John Adams

Wanda ya rage shi ne John Adams, tare da mata kusan goma da yara kimanin 20. Mutum ne mai ƙarancin karatu, amma ya ɗauki Littafi Mai Tsarki na Kirista da littafin addu'o'in da aka ceto daga jirgin, ya riƙa koyar da yara, ya kafa ibada safe da yamma, ya hana barasa. Ƙasa kuma ta koma gado. Kowane gida ya riƙe kason ubansa, 'ya'ya maza da mata suna gada. Tun da yake kusan duk yaran jinin Turawa da na Polinesiya ne a haɗe, bambancin da ya haddasa kisan 1793 ya mutu tare da masu shi. Matan ne suka riƙe ainihin rayuwar garin, domin su suka san dafuwa a cikin rami da duwatsu masu zafi, da yin tufa daga ɓawon itace, da magungunan gargajiya. Daga cakuɗuwar harshensu da Ingilishi ne harshen tsibirin ya samo asali.

A 1808 wani jirgin Amurka mai suna Topaz, ƙarƙashin Mayhew Folger, ya yi kiciɓis da su. A 1814 jiragen yaƙin Ingila biyu suka zo, suka tarar da mutum 46 cikin natsuwa da ladabi, suka ga bai dace su kama dattijon ba. Daga nan labarin Pitcairn ya bazu a Ingila a matsayin aljannar duniya, inda 'ya'yan masu laifi suka zama salihai. Wannan suna ya jawo musu kyaututtuka da tausayi, amma kamar yadda za mu gani, ya kuma zama labulen da ya hana a leƙa abin da ke bayansa. Adams ya rasu a 1829, garin kuma har yanzu sunansa yake ɗauke da shi, watau Adamstown.

Zaman lafiyar da ya rataya a wuyan mutum ɗaya yakan bi shi kabari. A 1831, saboda tsoron ƙarancin ruwa, aka kwashe mutanen duka zuwa Tahiti. Cututtukan da jikinsu bai saba da su ba suka kashe fiye da goma cikin 'yan watanni, sauran suka biya kuɗin jirgin komawa gida da tagullar da suka ciro daga ɓaraguzan Bounty. A 1832 kuma wani Bature mai suna Joshua Hill ya sauka, ya ce gwamnatin Ingila ce ta aiko shi, alhali ƙarya yake yi. Da yake babu hanyar bincike, sai suka yarda. Ya naɗa kansa shugaba, ya sa aka yi wa mutane bulala, ya kori Turawa uku da suka auri 'yan garin suka zauna, watau John Buffett da John Evans da George Nobbs. Sai da ya yi kimanin shekara biyar kafin wani jirgin yaƙin Ingila ya ɗauke shi. Nisan da ya ɓoye su daga hukuma shi ne ya ba maƙaryaci damar zama sarki.

Dokokin 1838

Bayan tafiyar Hill wata damuwar ta taso. Jiragen mafarautan manyan namun teku suna yawan tsayawa sayen abinci da ruwa, wasu ma'aikatansu kuma suna yi wa mata barazana, suna gorin cewa tsibirin ba shi da tuta, ba shi da doka. Saboda haka da jirgin yaƙin Ingila mai suna Fly ya zo a 1838, mutanen suka roƙi Kyaftin Russell Elliott ya taimaka. Ranar 30 ga Nuwamba aka rattaba hannu a kan ɗan gajeren tsarin mulki. An amince a riƙa zaɓen majistare kowace shekara daga cikin haifaffun tsibirin, kuma duk wanda ya kai shekara 18, namiji ko mace, yana da ƙuri'a. Wannan ya faru shekara 55 kafin matan Niyuzilan su sami 'yancin zaɓe a 1893, da shekara 80 kafin na Birtaniya su fara samu a 1918. An kuma wajabta wa kowane yaro zuwa makaranta.

Dokokin da suka biyo baya sun nuna abin da ke damun ƙaramar al'umma. Akwai dokar iyakar gona, wadda ta ce a farkon kowace shekara sabon majistare zai zaga da mutane a duba alamomin iyaka, a mayar da waɗanda suka ɓace. Akwai dokar alade da ta kaza idan sun shiga gonar wani sun yi ɓarna. Akwai dokar sare itace, domin katako ya fara ƙaranci. Akwai tara mai nauyi a kan kashe kyanwa, saboda ita ke maganin ɓerayen da ke cinye amfanin gona. An hana sayen barasa daga jirage, an kuma hana mace hawa jirgin baƙi sai da izinin majistare. Mai karatu zai iya yin murmushi a kan dokar kyanwa da kaza, amma jikokin mutanen da suka kashe juna a kan gona sun san cewa babbar fitina daga ƙaramar ɓarna take farawa. Abin lura a nan shi ne, an tsare mace daga baƙon jirgi, amma ba a yi tanadi mai ƙarfi a kan abin da ɗan gari zai iya yi mata ba.

Hijira zuwa Norfolk da Komowa

Da jama'a ta ƙaru, gonaki suka yi ta raguwa a hannun magada, ruwa da itace suka kasa. A 1856 gwamnatin Ingila ta kwashe su kaf zuwa tsibirin Norfolk, wanda ke gabas da Ostareliya, tsohon sansanin fursunoni da aka bari da gidajen dutse da shanu da gonaki. Mutum 194 suka sauka ranar 8 ga Yuni. A can ma batun ƙasa ya taso, domin su sun ɗauka an ba su tsibirin duka, hukuma kuwa ta yanka wa kowane gida eka 50 ta riƙe sauran. Wasu suka kasa sabawa. Mutum 16 suka koma Pitcairn a 1859, wani rukunin ya bi su a 1864. Daga waɗannan ne mazauna tsibirin na baya suka fito.

A 1886 wani mai wa'azi daga Amurka, John Tay, ya kawo musu koyarwar ɗarikar Adibantis masu hutun ranar Asabar. Suka karɓa, suka kashe aladunsu duka tun da ɗarikar ta haramta naman. Duk da wannan riƙon addini, a 1897 wani mutum ya kashe wata mata da 'yarta. Aka yanke masa hukunci, aka kai shi Fiji aka rataye shi a 1898, shekarar da aka sa tsibirin ƙarƙashin babban kwamishinan Ingila da ke can. Wannan ya isa ya nuna wa hukuma cewa aljannar tana da nata duhun, amma ta ci gaba da mulki daga nesa ta hanyar wasiƙa.

Zaman Yau da Kullum a Ƙarni na Ashirin

Buɗe mashigin ruwan Panama a 1914 ya sa Pitcairn ta faɗo a kan hanyar jiragen da ke zuwa Niyuzilan. Jirage suka riƙa tsayawa a kai a kai, mutane na sayar musu da 'ya'yan itace da kwanduna da sassaƙe-sassaƙen itace. Yawan jama'a ya kai ƙololuwarsa a 1937, mutum 233. A 1940 aka fara buga kan sarki na tsibirin, wanda masu sha'awar tara shi a duniya suka riƙa saye, kuɗinsa ya ɗauki nauyin makaranta da sauran ayyuka na shekaru masu yawa.

Rayuwar garin ta dogara ne a kan manyan kwalekwale na jama'a. Idan jirgi ya tsaya a nesa da gaɓa, sai a buga ƙararrawa a dandali, maza masu ƙarfi su tura kwalekwale cikin igiyar ruwa, su je su ɗauko kaya da mutane, sannan a hau da su wani gangare mai wuya zuwa gari. Aiki ne na kasada wanda ke bukatar hannu da yawa da ƙwarewa. Ba a biyan haraji da kuɗi, sai dai kowane baligi ya ba da ƙarfinsa a aikin gayya na gyaran hanya da kwalekwale da gine-ginen jama'a. Kayan da jirgi ya bayar kyauta kuwa akan kai su dandali a kasa su daidai da yawan gidaje. Ruwan sha na sama ne, ana tara shi a tankuna. Hatsarin wurin ma a rubuce yake a sunayen wurare, domin akwai inda sunansa ke nufin wurin da wane ya faɗi, ana tuna wanda ya zame daga dutse yana neman ƙwan tsuntsu ko kifi.

A irin wannan zama sata ba ta da riba, tun da kowa ya san gatarin kowa, kuma babu kasuwar da za a kai kayan sata. Dukiya ta sami tsaro. Amma wannan dogaro da juna yana da wata fuskar. Mutumin da ya cuce ka shi ne zai tuƙa kwalekwalen da zai kai ka asibiti. Ɗan sandan garin ɗan gari ne, majistare kuma kawu ne ko suruki ga mai ƙara da wanda ake ƙara. Wanda ya tona asirin wani ya ɓata da rabin gari, ba shi kuma da wata unguwar da zai koma. A haka shiru ya zama al'ada.

Shari'ar 2004

A 1999 aka aiko wata 'yar sanda daga Ingila don ta horar da mai riƙe da aikin ɗan sanda a tsibirin. A lokacin zamanta ne wata yarinya ta kai ƙara. Binciken da ya biyo baya, wanda ya kai har ga matan da suka koma Niyuzilan da Ostareliya da Ingila, ya nuna cewa an shafe shekaru masu yawa manyan maza suna yi wa ƙananan 'yan mata fyaɗe da lalata. A 2004, lokacin da mazauna ba su kai 50 ba, aka gurfanar da maza bakwai a Adamstown a gaban alƙalai uku daga Niyuzilan. Kafin a fara zama sai da aka karɓe bindigogin garin. A watan Oktoba aka sami shida da laifi, har da magajin garin na lokacin. An yanke wa huɗu ɗaurin shekara biyu zuwa shida, biyu kuma aikin jama'a. Daga baya aka yi wa wasu shari'a a Niyuzilan.

Abubuwa biyu a wannan shari'a sun shafi maganarmu kai tsaye. Na farko, lauyoyin waɗanda ake tuhuma sun ce dokar Ingila ba ta hau kan mutanen Pitcairn ba, wai kakanninsu sun yanke alaƙa da Ingila tun ranar da suka ƙone jirgi. Watau tutar da aka roƙa a 1838 don ta kare mata daga baƙi, ita aka nemi a ture da ta zo kare su daga 'yan gida. Kotun ƙoli ta irin waɗannan yankuna da ke Landan ta yi watsi da wannan hujja a 2006. Na biyu, an yi ta faɗin cewa idan aka ɗaure waɗannan maza babu mai tuƙa kwalekwale, garin zai mutu. Har wasu matan garin sun fito suna kare mazan, suna cewa al'ada ce. Ma'anar wannan magana ita ce a sayi ɗorewar gari da mutuncin 'ya'yansa mata. Kotu ba ta karɓa ba, amma dole ta sa aka gina kurkukun a kan tsibirin, waɗanda za a ɗaure suna cikin maginansa, aka kuma riƙa fito da su idan jirgi ya zo.

Laifin bai tsaya a kan mazan kaɗai ba. Gwamnatin da ta yi fiye da ƙarni ɗaya da rabi tana kiran tsibirin nata ba ta ajiye jami'in tsaro na dindindin daga waje ba sai bayan da abin ya fashe. Tun 1970 jakadan Birtaniya a Niyuzilan ne gwamnan Pitcairn, yana zaune dubban kilomita daga mutanen da yake mulka. Bayan shari'ar aka kawo ɗan sanda da ma'aikacin jin daɗin jama'a daga waje, aka buɗe hanyar biyan diyya ga matan a 2008, aka kafa sabon tsarin mulki mai babin haƙƙin ɗan Adam a 2010, aka kuma sa sharuɗɗa a kan kai yara ziyara tsibirin.

Ƙasa Ta Yi Yawa, Mutane Sun Yi Kaɗan

Tun daga tsakiyar ƙarni na ashirin matasa suka riƙa tafiya Niyuzilan karatu da neman aiki, ba sa dawowa. Jiragen sama suka ƙwace fasinjojin jiragen ruwa, cinikin kan sarki ya ja baya, aka koma sayar da zuma da karɓar 'yan yawon buɗe ido da dogaro da tallafin Birtaniya. Gadon da aka yi ta rabawa tun zamanin Adams ya bar ƙasar a yayyanke, da yawan masu ita kuma suna ƙetare. Don haka a farkon shekarun 2000 aka sauya dokar ƙasa, aka mayar da ita hannun majalisar tsibirin, tana ba mazauni aron filin gida da na gona muddin yana zaune yana amfani da shi. Har aka yi shelar ba da fili kyauta ga duk wanda zai zo ya zauna, amma kaɗan ƙwarai suka amsa. Ƙasar da aka kashe mutane a kanta a 1793 ta zama abin da ake roƙon a karɓa. Dalilan a fili suke. Mai ciwo mai tsanani sai ya yi fiye da yini guda a jirgin ruwa zuwa Mangareva, mai nisan fiye da kilomita 500, kafin ya sami jirgin sama zuwa Tahiti, ga ƙarancin aikin albashi, ga kuma sunan da shari'ar 2004 ta bari.

Kammalawa

Mun bi tarihin wannan ɗan tsibiri, mun ga sau uku amincinsa yana rushewa: a 1793 saboda an hana wasu ƙasa an kuma mayar da mata kayan rabo, a 1832 saboda babu hukumar da za ta binciki mai da'awar mulki, da kuma a shekarun da suka kai ga 2004 saboda zumunci da bukatar juna sun rufe bakin wanda aka zalunta. Mun kuma ga lokutan da aka gyara: da gado ya haɗa maza da mata, da aka rubuta doka aka ba kowa ƙuri'a, da kuma ranar da ƙarar yarinya ta sami kunnen da ba na dangi ba. Ba mu kawo wannan tarihi don mu tozarta mutanen Pitcairn ba, domin al'ummar da ta rayu fiye da shekara 200 a kan dutse a tsakiyar teku, tana raba abinci daidai a dandali, ta cancanci girmamawa. Mun kawo shi ne domin tambayoyin da ya tayar suna nan a duk inda mutane kaɗan ke zaune a kewaye, ko ƙauye ne, ko zango a baƙon gari, ko gidan gandu, ko ma makarantar kwana. Wa ke da gona, wa aka hana? Idan babba ya yi laifi, wa zai iya faɗa? Wanda ya faɗa kuma, ina zai kwana a daren? Al'ummar da ta tanadi amsar waɗannan tun kafin rana ta ɓaci, ita ce za ta iya barin ƙofarta a buɗe.